Lakar masai: Yadda ake sarrafa ta da haƙƙin jama'ar Ƙaraye da Rogo na a ji ta bakinsu

Duk masai da aka haƙa, ko sokawe da aka gina, akwai ranar da zai cika. Abin da ake kwasowa daga cikinsa a ranar shi ne lakar najasa, wato bayan gida da fitsari da ruwan tsarki da tarkacen da suka taru suka ruɓe tsawon shekaru. Maigida yakan ɗauka cewa magana ta ƙare da zarar ya sallami masu kwasa sun bar ƙofar gidansa, alhali kuwa daga nan ne lamarin ya zama na gari baki ɗaya, domin lakar tana iya ƙarewa a kududdufi, ko a bakin rafi, ko a gonar da ake noma kayan miya.

Wannan bayani ya duba ma'anar lakar najasa, da hanyoyin mayar da ita taki marar cutarwa, da hukumomin da doka ta ɗora wa alhakinta, da kuma damar da jama'a suke da ita ta tofa albarkacin bakinsu kafin a yanke hukunci a kan inda za a kai ta. An ɗauki ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, da ke yammacin Jihar Kano, a matsayin misali.

Ɗanyar laka da sarrafaffiya

Masana tsaftar muhalli sun raba lakar najasa gida biyu bisa ga inda ta fito. Akwai wadda ake samu a manyan matatun najasa, a biranen da aka haɗa gidajensu da bututun ƙarƙashin ƙasa, kamar matatar Wupa da ke Abuja. Akwai kuma wadda ake kwasowa daga masai da sokawe na gidaje da makarantu da kasuwanni da tashoshin mota. Birnin Kano ba shi da bututun najasa da ya game gari, haka ma garuruwan Ƙaraye da Rogo, saboda haka kashi na biyu shi ne ya shafe su.

Laka tana zama ɗanya muddin ba a yi mata wani aikin da zai kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinta ba. Idan aka tsane ruwanta, aka busar da ita ko aka ruɓar da ita da zafi, har awon ɗakin gwaji ya nuna ta cika ƙa'idar da hukuma ta gindaya, to ta zama sarrafaffiya. A Amurka ne aka ƙirƙira mata suna na musamman, bayosolid, a farkon shekarun 1990, domin a bambance ta da ɗanya. Bambancin yana da muhimmanci ga mai saye da mai sayarwa, domin ido kaɗai ba ya tantance shi. Laka tana iya bushewa ta yi baƙi, warinta ya tafi, amma ƙwayayen tsutsar ciki suna nan da ransu a cikinta.

Me ya sa Ƙaraye da Rogo?

Ƙananan hukumomin biyu suna maƙwabtaka da juna, kowace tana da mazaɓu 10. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaraye tana da mutum kimanin 141,000, Rogo kuma kimanin 227,000, kuma jama'a sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Su biyun ne suka haɗu suka zama Masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu, ƙarƙashin dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a watan Yulin 2024. Ƙasa ce ta noma, inda ake samun masara da dawa da shinkafa da rake da kayan lambu, kuma Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, abin da ya sa kasuwanninta suke tara baƙi.

Babban dalili kuwa shi ne ruwa. A Ƙaramar Hukumar Ƙaraye madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992, mai iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Daga nan kogin Challawa yake gangarawa gabas, ya biyo ta matatar ruwa ta Challawa da ke kusa da Panshekara, wadda take cikin matatun da ke shayar da birnin Kano, sannan ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. A Ƙarayen dai akwai madatsar Kusalla, wadda ake tace ruwanta domin amfanin garuruwan yankin. Saboda haka abin da aka zubar a ƙoramun wannan yanki da damina yana iya shafar ɗan kasuwar Kantin Kwari da ma'aikacin Sakatariyar Audu Baƙo, ko da ba su taɓa taka ƙasar Ƙaraye ba.

Yawan lakar da gari yake tarawa

Injiniyoyi masu tsara masai sukan ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana tara laka lita 40 zuwa 60 a shekara a cikin rami. Bisa wannan lissafi, gari mai mutum 10,000 zai tara lita 400,000 zuwa 600,000 a shekara, wato lodi 40 zuwa 60 na tankar da ke ɗaukar lita 10,000. Inda ake amfani da sokawe adadin yakan zarce haka, domin abin da ake zuƙowa ruwa ne ya fi yawa a ciki.

Wannan adadi zai ci gaba da hauhawa saboda wani dalili mai kyau. A watan Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta, sannan a Nuwamban 2019 ya sanya hannu a kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 009 na kawo ƙarshen yin bahaya a fili zuwa 2025, wa'adin da daga baya aka mayar 2030. Binciken ƙasa na 2021 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 48 ne suke bahaya a fili. A Oktoban 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da ɗabi'ar. Kowane sabon masai da wannan gangami ya haifar zai cika bayan wasu shekaru, don haka garin da ya gina masai bai tanadi wurin kai lakarsu ba ya jinkirta matsalar ne kawai.

Yadda ake kwasa

A ƙauyukan da fili yake da yalwa, idan masai ya cika akan rufe shi da ƙasa a haƙa sabo. Wannan hanya ba ta da laifi matuƙar ramin ya yi nisa da rijiya. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya suke bi ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya ko burtsatse, kuma ƙasan ramin ya ɗara matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi.

A cikin gari, inda gado ya rarraba gidaje har babu wurin sabon rami, dole a kwashe. Mai hali yakan kira tankar zuƙa. Sauran jama'a, da waɗanda gidajensu suke cikin lungun da mota ba ta shiga, sukan nemi masu kwasa da hannu, waɗanda a Kano ake yi wa laƙabi da gidan-kowa-da-akwai. Da shebur da bokiti da igiya suke aiki, sau da yawa babu safar hannu ko takalmin roba, kuma sukan zuba kananzir a ramin don rage wari. Hatsarin da ya fi tsanani a gare su shi ne iska mai guba da ke taruwa a ƙasan rami, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda take iya sumar da mutum cikin ɗan lokaci, sai kuma ruftawar bangon ramin. Duk da al'umma ba ta iya rayuwa ba tare da aikinsu ba, ƙyamar da ake nuna musu ta sa ba kasafai ake gayyatarsu zaman shawara ba, alhali su ne suka fi kowa sanin inda laka take ƙarewa.

Taki tsohuwar al'ada ce

Mayar da sharar gari taki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya nuna tun a shekarun 1960 yadda manoman kewayen birni suke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da hutar da ita ba, saboda takin da suke zuba mata. Jakuna sukan shiga birni da itace, su komo da mangalolin taki na juji da toka da kashin dabbobi. Daga baya tifa da amalanke suka karɓi wani ɓangare na aikin.

Amfanin da ke cikin najasar ɗan Adam ma sananne ne a kimiyyance. Gwargwadon irin abincin da yake ci, mutum yana fitar da sinadarin naitirojin kilo biyu da rabi zuwa huɗu da rabi a shekara, da fosfaras kusan rabin kilo, kuma waɗannan suna cikin sinadaran da manomi yake saye a buhun takin zamani. Mafi yawan naitirojin ɗin a cikin fitsari yake. Ban da haka, sarrafaffiyar laka tana ƙara wa ƙasa mai yashi ƙarfin riƙe danshi, abin da takin zamani ba ya yi. Tsadar takin zamani, wadda ta tsananta bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da faɗuwar darajar Naira daga 2023, ta ƙara jan hankalin manoma ga kowane irin taki na gida. A nan ne haɗarin yake, domin manomin da ya matsu yana iya karɓar ɗanyar laka a gonarsa kai-tsaye daga tanka.

Cututtuka da guba

Ɗanyar laka tana ɗauke da ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da atuni da wasu nau'o'in ciwon hanta, da kuma ƙwayayen tsutsar ciki. Ƙwayayen tsutsa su ne mafi taurin kai, domin suna iya shekaru a cikin ƙasa mai danshi ba su mutu ba, shi ya sa masana suke amfani da su a matsayin ma'aunin ingancin sarrafawa. A 2021 Najeriya ta yi fama da annobar kwalara da aka yi zargin ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 3,500, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa, tare da Bauchi da Jigawa da Zamfara. Irin wannan annoba takan yi ƙamari da damina, lokacin da ambaliya take haɗa ruwan masai da na rijiya.

Hatsari na biyu shi ne gubar masana'antu. Dagwalon da ke fitowa daga kamfanonin jima da rini, irin waɗanda ke Bompai da Sharaɗa da Challawa a birnin Kano, yana iya ƙunsar ƙarafa masu guba kamar kuromiyom. Zafi da bushewa suna kashe ƙwayoyin cuta, amma ba sa kawar da ƙarfe, kuma idan ya shiga ƙasar gona yakan zauna shekaru masu yawa. Lakar masai ta gidajen karkara ba ta cika ɗaukar irin wannan guba da yawa ba, sai dai idan an riƙa jefa tsofaffin batura da baƙin mai da ragowar maganin feshi a cikin ramin. Saboda haka ƙa'ida ta farko ga duk wurin sarrafa laka a ƙasar noma ita ce kada a karɓi dagwalon masana'anta, kuma a san asalin kowace tanka da ta shigo.

Hanyoyin sarrafawa

Hanya mafi sauƙi ita ce binnewa. Akan haƙa dogayen ramuka a wani keɓantaccen fili mai nisa da ruwa, a zuba laka, a rufe da ƙasa, daga baya a dasa itatuwa a kai. Ta dace da ƙananan garuruwa a matsayin matakin farko, kafin a sami kuɗin gini.

Ta biyu ita ce shimfiɗar busarwa. Akan gina faffaɗan kwalbati a jera tsakuwa da yashi a ƙasansa, a zuba laka mai kaurin santimita 20 zuwa 30. Ruwan yakan tsane ta ƙasa ya bi bututu zuwa tafkunan da za su ƙara tace shi, rana da iska kuma su busar da sauran cikin 'yan makonni. Doguwar ranin ƙasar Hausa ta dace da wannan hanya, amma sai an yi rumfa ko an tanadi wurin ajiya saboda watannin Yuli zuwa Satumba.

Ta uku ita ce haɗa busasshiyar laka da sharar da ke ruɓewa, irin su ɓawon rake da ragowar kayan gwari na kasuwa da buntun shinkafa, a tara su tsibi-tsibi ana juyawa. Tsibin yakan ɗauki zafi da kansa. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta nuna cewa zafin da ya haura digiri 50 na tsawon fiye da mako guda, idan ya ratsa dukkan tsibin, yana kashe ƙwayoyin cuta. Inda ajiya kawai za a yi ba tare da zafi ba, jagorar ta ce a ƙasashe masu ɗumi a bar lakar fiye da shekara guda. Ma'aunin da ta gindaya shi ne kada a sami fiye da ƙwan tsutsa ɗaya a kowane giram na busasshiyar laka, kuma a bar aƙalla wata guda tsakanin zuba taki da girbi.

Akwai kuma rufe laka a cikin tanki marar iska domin ta fitar da gas na girki, da mayar da ita gawayi, kamar yadda ake yi a Nakuru da Naivasha na ƙasar Kenya. Waɗannan sun fi buƙatar jari da ƙwararru. Ga gida ɗaya kuwa, akwai dabarar masai mai rami biyu: idan ɗaya ya cika a rufe shi a koma ɗayan, kafin na biyu ya cika na farko ya shekara ɗaya ko biyu yana ruɓewa, kwasarsa ta yi sauƙi.

Ko da an sarrafa laka, ya fi dacewa a yi amfani da ita ga itatuwa da hatsi irin su masara da dawa, a cuɗa ta da ƙasa kafin shuka. Kayan da ake ci ɗanye, kamar latas da kabeji da karas da tumatir, su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan.

Alhakin wane ne?

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa samar da banɗakunan jama'a da kula da su, da zubar da najasa da shara, a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Don haka majalisun Ƙaraye da Rogo su ne na farko da za a tambaya, ta hannun jami'an lafiyar muhalli da aka fi sani da duba-gari. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya, ya ƙara ƙarfafa hujjar masu neman su sauke wannan nauyi.

A matakin jiha akwai ma'aikatar muhalli, da hukumar RUWASA mai kula da ruwa da tsafta a karkara, da Hukumar Ruwa ta Jiha, da REMASAB mai kwashe shara, da KNUPDA mai tsara birane. A matakin tarayya akwai Ma'aikatar Muhalli da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, kuma a ƙarƙashinta aka fitar da ƙa'idojin tsafta da sarrafa shara na 2009. Yawan hukumomin nan yana iya zama matsala idan ba a fayyace aikin kowa ba: wa zai ba masu tanka lasisi, wa zai ware fili, wa zai auna ingancin taki, wa zai hukunta mai zubarwa a rafi. Fayyace wannan shi ne aikin farko na tsarin dogon zango.

Abin da tsarin dogon zango ya ƙunsa

Kano ta san irin wannan tsari tun da daɗewa, domin an taɓa rubuta wa birnin tsarin raya shi na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, ƙarƙashin jagorancin B.A.W. Trevallion. Tsarin sarrafa laka ma yakan duba shekara 15 zuwa 25 masu zuwa. Yakan fara da ƙidayar masai da sokawe da masu kwasa, da gano wuraren da ake zubarwa a halin yanzu. Daga nan sai hasashen ƙaruwar jama'a, da zaɓen hanyar sarrafawa, da ware fili, da lissafin kuɗin gini da na gudanarwa.

Zaɓen fili shi ne ya fi jawo taƙaddama. Ana son wurin da ya yi nisa da gidaje da rijiyoyi da fadama, wanda ambaliya ba ta kai masa, mai hanyar da tanka za ta bi ko da damina. Amma idan ya yi nisa ƙwarai, kuɗin mai zai sa direba ya juye lodinsa a hanya. A yanki mai warwatsattsun garuruwa kamar wannan, inda Zarewa da Fulatan da Beli suke a ƙasar Rogo, 'Yammedi da Kurugu da Tudun Kaya kuma a ƙasar Ƙaraye, dole a auna tsakanin gina babban wuri ɗaya da ƙananan hukumomin biyu za su yi tarayya a kai, da gina ƙanana da yawa kusa da manyan garuruwa. Kuɗin gudanarwa ma abin lura ne, domin a ƙasashe da dama an ga wuraren da aka gina da tallafi suka lalace bayan 'yan shekaru saboda babu albashin ma'aikata da kuɗin gyara. Cinikin taki shi kaɗai ba kasafai yake ɗaukar nauyin wuri ba.

Inda muryar jama'a take shiga

Dokar Auna Tasirin Ayyuka ga Muhalli ta 1992 ta sanya gina matatar najasa ta gari a cikin ayyukan da ba a fara su sai an yi nazari, kuma ta ba jama'a damar duba rahoton su bayyana ra'ayinsu. A bisa tsarin da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya take bi, akan baje kolin rahoton na kwanakin aiki 21 a ofisoshinta da ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, tare da sanarwa a jarida da rediyo. Bayan nan kwamitin masana yakan zauna ya duba rahoton da ƙorafe-ƙorafen da aka shigar. Idan za a karɓi gona domin aikin, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya a kan amfanin gona da gine-ginen da ke kai. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce, a ba shi amsa cikin kwana bakwai.

Matsalar ita ce rahotannin sukan zo da Turanci mai nauyi, ɗaruruwan shafuka, kuma a lokacin da aka baje su an riga an zaɓi fili. Jin ra'ayi mai amfani yakan fara tun ana da zaɓi biyu ko uku a kan tebur. Yakan buƙaci taƙaitaccen bayani da Hausa, da zama a matakin mazaɓa ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, a ranar da ba ta kasuwa ba kuma ba a tsakiyar aikin gona ba. Mata suna buƙatar zama nasu, domin su ne suke ɗawainiyar tsaftar gida da jinyar yara. Haka ma masu kwasa, da manoman rani, da masunta na bakin madatsa, da makiyaya, da shugabannin kasuwa da na tasha. A ƙarshe hukuma ta wallafa abin da aka faɗa mata, da wanda ta karɓa, da dalilin ƙin karɓar sauran.

Malamai ma suna da wuri a wannan zama. Musulunci ya yi hani da yin bahaya a kan hanya da inuwar da mutane suke hutawa da mashayar ruwa. A mazhabar Malikiyya, wadda mutanen yankin suke bi, amfanin gonar da aka noma da taki mai najasa tsarkakakke ne, amma malamai sun yi saɓani a kan halaccin sayar da najasar kanta. Tunda wani ɓangare na tsarin ya dogara ga cinikin taki, ya dace a nemi bayaninsu tun da wuri a kan matsayin lakar da ta sauya kama bayan sarrafawa.

Darasi daga wasu ƙasashe

Birnin Milwaukee na Amurka yana sayar da busasshiyar lakarsa a matsayin taki da sunan Milorganite tun 1926, kuma a 1993 ƙasar ta kafa ƙa'idar da ta raba sarrafaffiyar laka zuwa aji biyu gwargwadon tsaftarta. Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 1986. Wasu kuma sun ja da baya: Suwizalan ta hana zuba lakar matatu a gonaki, Jihar Maine ta Amurka ma ta hana a 2022, bayan an gano wasu sinadaran masana'antu da ba sa narkewa a gonakin da aka daɗe ana zuba wa laka.

Misalan da suka fi kusa da mu suna Afirka ta Yamma. A Tema ta ƙasar Ghana an buɗe masana'antar takin Fortifer a 2017, inda ake haɗa lakar masai da sharar kasuwa. A Dakar ta Senegal an kafa cibiyar kiran waya da ke haɗa maigida da masu tanka, su yi takarar farashi, domin rage kwasa da hannu. 

Tambayoyin da suka dace a yi

Duk wanda ya halarci zaman jin ra'ayi a kan irin wannan aiki yana da haƙƙin neman amsa a kan abubuwa kamar haka: nisan filin daga gidaje da rijiyoyi da ƙoramun da ke malala zuwa Challawa da Kusalla, inda ruwan da aka tsane zai tafi, abin da zai faru a watan Agusta idan laka ta ƙi bushewa, ɗakin gwajin da zai riƙa auna takin, da inda za a liƙa sakamakon, ko za a karɓi tankoki daga wajen yankin, nawa maigida zai biya, da tanadin da aka yi wa marasa hali, matsayin masu kwasa da hannu a sabon tsarin, da ofishin da za a kai ƙara idan wari ko ƙuda ya dami maƙwabta.

Kafin a kai ga gina komai, akwai abin da ke hannun kowane maigida da shugaban kasuwa. Ya daina jefa leda da ƙyalle da batir a masai, ya kwashe ramin kafin damina ta sauka, kuma kafin ya biya mai kwasa ya tambaye shi inda zai kai lodin.